Tukunya Kafin Kasuwa

Shekarar 2023 ce ta tura mu fadama. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin wata biyu ta wuce 600, sai kuɗin cefane ya daina kai mu ko tsakiyar wata. Ni malamin firamare ne a Birnin Kebbi, kuma abin da ya fi ci mini rai a lokacin kayan miya ne. Gari a bakin fadamar gulbi, ga Aliero da duk ƙasar nan ta sani da albasa can gaban Jega kaɗan, amma a ce magidanci ya tsaya gaban mai tebur yana ciniki a kan tumatir huɗu da suka fara laushi, ko kuwa a koma ga na leda wanda ba ka san abin da aka dama a ciki ba.

A majalisar da muke zama bayan sallar isha'i maganar ta taso, kuma wani tela maƙwabcina ne ya fara kawo ta. A cikinmu akwai ma'aikatan gwamnati, da mai gyaran babur, da 'yan tireda. Kusan kowa ɗan manomi ne, ya yi noman gero da wake yana yaro, amma ba wanda ya taɓa riƙe lambu. Ba mai ƙarfin haƙa rijiya ya sayi inji shi kaɗai, ba kuma mai sukunin yini a gona kullum. Sai muka ce to a haɗa hannu. Gidaje 12 suka amsa, biyu daga ciki na mata ne da mazansu suka rasu, samarin 'ya'yansu ke tsaya musu a wurin aiki.

Fili muka fara nema. Mai unguwa ya raka mu wurin wani dattijo da ke da gona a fadama wajen Dukku. Shinkafa yake yi da damina, amma tun ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan ƙarfinsa ya ragu, wani ɓangare na gonar yana zama haka nan duk rani. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ba da sharaɗinsa: mu tashi kafin ruwan sama ya zauna, kada a taɓa masa mangwaron da ke bakin iyaka, kuma a riƙa kai wa gidansa kason gida ɗaya. Da muka miƙe za mu tafi sai ya kira ni.

"Malam, kai ka rubutu ko?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "To ka rubuta zancen ruwa tun ba ku shibka komi ba. Ƙasa ba ta haɗa kowa hwaɗa. Ruwa shi ka raba abokai."

Na sayi littafi irin na 'yan makaranta, a ciki muka zuba ƙa'idojinmu a gaban shaidu. Kowane gida zai riƙa zuba kuɗi daidai da na kowa a ƙarshen wata, kamar adashe. Ban ruwa bi da bi ne, gida biyu a rana. Ƙa'idar da aka fi jan magana a kanta ita ce wadda ɗaya daga cikin matan nan ta aiko da ita ta bakin ɗanta: kada a kai komai kasuwa sai kowane gida ya ɗebi abin da tukunyarsa ke buƙata, abin da ya saura a sayar tare, kuɗin ya shiga asusun mai. Wasu sun so a ce kowa ya yi yadda ya ga dama da rabonsa. A ƙarshe dai aka rubuta ta yadda ta faɗa.

Sai da muka jira ruwa ya janye daga fadama, wajen ƙarshen Oktoba, ƙasa ta yi taurin da za a iya takawa. Kafin nan mun riga mun zuba irin tumatir da tattasai da tarugu a wani tudu kusa, muka rufe da ciyawa, ana yayyafa ruwa safe da yamma. Albasa kuwa renonta na ɗaukar kusan wata ɗaya da rabi zuwa biyu, don haka dashe muka saya a Aliero, a hannun wani manomi da surukin tela ya sani. Ya gargaɗe mu a kan irin albasa na kasuwa da ba a san asalinsa ba. Akwai wanda za ka yi wa hidima wata uku, ya yi ganye shar, ka tona ka tarar ba kai.

Ranar haƙar rijiya ba zan manta da ita ba. Mutum biyu suka zo da bututun ƙarfe da ɗan injinsu. Suna tura ruwa ta cikin bututun da ƙarfi, suna ɗaga shi suna dannawa, ruwan na fasa ƙasa yana dawowa sama da abin da ya tarar. Babban cikinsu ya tsuguna a bakin ramin, yana tara hannu yana murza abin da ke fitowa tsakanin yatsunsa. Da farko baƙar laka ce mai danƙo. Can sai ruwan ya yi ja-ja, sai yashi mai laushi, shi dai bai ce komai ba. Da yashi mai tsakuwa-tsakuwa ya fara tahowa sai ya ɗaga hannu ya ce a tsaya, an iso. Suka zura bututun roba da aka tsattsaga ƙasansa aka naɗe da raga don kada yashi ya shiga, suka ɗaura inji. Ruwan ya fara fita da dauɗa, kafin la'asar ya washe. Baba yana zaune a gindin mangwaro yana kallo. Ya ce shi da jigo ya tashi, guga ɗaya-ɗaya daga hantsi har faɗuwar rana, kuma sai a farkon shekarun 1990, da shirin Fadama na Bankin Duniya ya shigo, irin wannan rijiya da ƙananan injuna suka bazu a hannun talaka.

Gyaran fili da gayya muka yi shi, Asabar da Lahadi. Aka kafce ƙasa, aka fasa hoge, aka ja babbar hanyar ruwa ta tsakiya, aka yanka fangali dama da hagu. A nan na gane lambu aikin ido ne kafin na ƙarfi. In cikin fangali bai daidaita ba, ruwa zai kwanta a gefe guda ya ruɓar da saiwa, ɗaya gefen kuma ƙishirwa ta kashe shi. Baba yakan sa a sako ruwa kaɗan a fangalin da ba a shuka ba, ya tsaya ya ga inda ya fara taruwa, sannan ya ce a ja ƙasa da manjagara daga nan zuwa can.

Taki daga rugar Fulani da ke sauka kusa da wurin duk rani muka samo shi. Mun je mun gaisa da ardonsu, muka yi magana a fili: su ba mu tsohon kashin shanu wanda ya ruɓe ya yi baƙi, mu kuma duk ciyawar da muka cire da ragowar ganye nasu ne, kuma ba za mu tare hanyar da dabbobi ke bi zuwa mashaya ba. Muka ja darninmu na kara baya da taku kaɗan saboda haka. Har muka tashi, ko saniya ɗaya ba ta shiga mana ba. Ɗanyen kashi ba ya yi, yana ƙona dashe, yana kuma zuwa da 'ya'yan ciyawa. Takin zamani ma mun sa, ba zan ɓoye ba, amma kaɗan, ga albasa da tumatir kawai, don buhunsa ya fi ƙarfin asusunmu, ƙasar fadama kuma da ma ambaliya na bar mata abinci duk shekara.

Dashe da yamma ake yin sa, rana ta yi sanyi, a bi shi da ruwa nan take. Alayyafo aka gauraya irinsa da yashi aka watsa, don ƙanana ne ƙwarai, in ba haka ba sai su taru wuri guda. Karas ba ya son dashe, inda aka shuka shi nan zai zauna, sai dai a rage shi in ya yi cunkoso. Latas da kabeji muka ba su fangalin da ke kusa da rijiya.

Daga nan sai ban ruwa, wanda shi ne lambun gaba ɗaya.

Ranar da layi ya zo kanmu, ni da mai gyaran babur, daga masallacin asuba muke wucewa. Sanyin hunturu a fadama daban yake da na cikin gari, yana shiga har ƙashi, ga hazo ko ina. Sai ka cika cikin injin da ruwa tukuna, in ba haka ba iska zai yi ta ja. Ka ja igiya, ya yi tari, ya kama. Mutum ɗaya ya tsaya wurin inji da tiyo, ɗaya ya bi ruwan da fartanya. Ka sare bakin fangali, ka ɗauki ƙasar da ka sara ka toshe hanyar gaba da ita, ruwa ya juya ya shiga. Kana tsaye ƙafa cikin laka kana kallon yadda yake bin gindin albasa layi-layi, ƙasa na shan sa tana ƙananan kumfa. Kafin ya kai bakin kunya ka riga ka buɗe na gaba, ka dawo ka rufe wannan. In ka yi jinkiri kaɗan kunya ta fashe, ruwan da aka sayi mai aka jawo ya tafi a banza. Man ma a kwalba mai alama muke auna shi, a rubuta a littafi abin da aka zuba da abin da ya saura.

Fangalin da ke can ƙarshe su ne marayun lambu. Kafin ruwa ya kai gare su hanya ta sha rabinsa, mai ban ruwa ya gaji, lokacin aiki ko makaranta ya matso. Cikin makonni kaɗan bambancin ya fito, tumatirin ƙarshe ya tsaya bai kai na gaba ba. Muka zauna muka ƙara layi ɗaya a littafi: daga ƙarshe ake farawa, a dawo baya zuwa bakin rijiya. Ƙaramar magana ce, amma a ganina ita ta fi kowace ƙa'ida nuna ko mutane na iya tarayya da gaskiya, domin ba mai ganin ka da asuba in ka tsallake fangali biyu.

Rigima ɗaya muka yi mai zafi. Wani daga cikinmu tafiya ta kama shi, bai gaya wa kowa ba, abokin layinsa kuma ya ɗauka an ɗaga ranar. Albasa ta jure, don da sanyi takan kai kwana uku zuwa huɗu ba ruwa, amma latas ya kwanta, wani bai sake tashi ba. Maganganu suka fara yawo a unguwa, har mata suka shiga. Mai unguwa ya tara mu a zaurensa. Aka yanke cewa wanda uzuri ya kama ya nemi musanya tun daren jiya, wanda ya bar layinsa ba sanarwa kuma ya kawo litar mai. Mutumin ya kawo tasa washegari, ya kuma karɓi layin gidan da latas ɗinsu ya fi lalacewa, ba tare da an ce ya yi ba.

Alayyafo ne ya fara shiga gidajenmu, bai cika wata ɗaya ba. Na kawo dami guda da safe, uwargida ta karya kara ɗaya ta ji yadda ya ɓalle, ta ce rabon da ta ga irin wannan tun tana gidansu. Da dare aka yi tuwon shinkafa da miyar taushe, kabewa daga ƙauye, gyaɗa da daddawa, ga busasshen kifi ɗan Yawuri. Yaran da sai an yi da su suke cin ganye suka side kwano, don su ma sun je cirar ciyawa ranar Asabar, kowa na cewa daga fangalin da ya yi aiki aka yanko.

Tumatir ya fara nuna wajen ƙarshen Janairu, kuma tare da shi sharon ya iso. Wannan tsutsa ce da asalinta daga Kudancin Amurka take, ita ce ta yi wa manoman Kano da Kaduna mummunar ɓarna a 2016. Tana shiga tsakanin fatar ganye ta ci cikinsa, ka ga farin tabo kamar an goge wurin, daga nan ta huda 'ya'yan. Wani cikinmu ya zo da kwalbar magani mai ƙarfi ya ce a yi feshi a huta. Na ƙi, kuma ba ni kaɗai ba. Kowane irin wannan magani yana da kwanakin da aka rubuta a jikinsa da za a jira kafin a tsinka, mu kuwa kusan kullum ana tsinkar wani abu a lambun, ga latas a gefe da ɗanye ake cin sa. Da ma abin da ke ɗaga mini hankali game da kayan kasuwa ke nan: a yi feshi yau, gobe kwando na kan mota. Muka ɗauki hanya mai wahala. Yara suka riƙa bi suna cire ganyen da ya kamu da 'ya'yan da aka huda, a binne su nesa. Muka daka 'ya'yan dogon yaro, a jiƙa su kwana, a tace da ƙyalle, a ɗiga ɗan sabulu, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, duk mako. Bai kawar da ita ba, ya dai rage mata ƙarfi. Mun yi asarar wani kaso na tumatir, kuma har yau ina ganin asarar ta fi mana alheri.

Abin da ya tsira ma ya fi ƙarfin tukwanenmu. A Fabrairu kowa tumatirinsa ke nuna, kasuwa ta cika, kwando ya faɗi warwas, wani lokaci kuɗin ɗauko shi ya kusa kai kuɗinsa. Nan mata suka karɓi aikin. Aka riƙa yanka shi biyu ana shanyawa a kan tabarmi masu tsabta bisa rumfa, ba a gefen kwalta ba inda ƙura da hayaƙin mota da awaki ke bi ta kai. Iskar hunturu ta busar da shi ya zama kauɗa, aka ɗura a buhuna. Tattasai da tarugu ma haka.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris 2024, zafi ya sauko gaba ɗaya. Tumatir ya fara zubar da fure, latas ya yi tsiri ya yi ɗaci, ruwa kuma ya koma kusan kullum. Muka mai da ban ruwa dare, bayan tarawihi, da tocila a goshi. Kabeji da karas suka yi mana rana wajen buɗa-baki. Albasa kuwa da wuyanta ya yi laushi, lawashi ya fara kwanciya, sai aka yanke mata ruwa kusan mako biyu, sannan aka tuge, aka bar ta a fangali an lulluɓe kan da ganyenta har fatar ta bushe. Wanda ya tuge albasa da ruwa a jikinta ba zai ajiye ta ba, ruɓewa za ta yi. Muka kafa rudu irin na mutanen Aliero, gadon itace sama da ƙasa, an yi masa rufin ciyawa, iska na ratsawa ta ko ina. Lawashin da aka yanka tun yana kore aka daka aka yi gabu. Mun tambayi liman zancen zakka, ya ce a mazhabar Malikiyya ba a fitar da ita a kan kayan lambu, amma ƙofar sadaka a buɗe take. Aka kai wa makarantar allon unguwa da wasu gidaje.

Ƙa'idar nan ta tukunya ba ta gamu da gwaji ba sai a Mayu da Yuni, lokacin da tumatir ya yi tsadar da aka riƙa maganarta a rediyo. Dillalai suka ji muna da kauɗa da albasa a ajiye, suka fara sallama. Kuɗin da suka taya ba kaɗan ba ne, ga babbar salla ta matso, kowa na da buƙata. Kusan rabinmu suka ce a sayar duka a raba. Ni ma na san abin da rabona zai biya mini. Sai matar nan da ta kawo ƙa'idar tun farko ta zo da kanta, ta tsaya daga bakin zaure, ta gaida mai unguwa, ta ce:

"Ranka ya daɗe, in munka sai da shi yau, gobe wurin su wa za mu sawo? Wurinsu dai, kuma ba bisa kuɗin da sunka ba mu ba. Ni ɗiyana miya nika nema musu."

Ba wanda ya ƙara magana. Aka auna wa kowane gida abin da zai kai shi har sabon tumatir ya fito, aka sayar da ragowar albasa kawai, kuɗin ya shiga asusu. Duk tsawon tsadar nan ba a sayi tumatirin leda a gidana ba. A jiƙa kauɗa da ruwan ɗumi, a niƙa da tattasai da albasa, miya ta yi ja ta yi kauri.

In aka ce a yi lissafi da biro, a sa kuɗin mai da na rijiya da asubancin da muka yi, ribar ba ta kai yadda wasu ke zato ba, kuma duk wanda ya shiga irin wannan don ya yi kuɗi a shekarar farko zai fita da fushi. Abin da na samu shi ne na san ruwan da ganyen da 'ya'yana ke ci ya sha, na san abin da aka fesa masa da ranar da aka fesa. Cin namu ma ya koma bin lokaci, yadda iyayenmu suke yi: ɗanyen ganye da tumatir da sanyi, busasshe da bazara, da damina kuma rama da yakuwa da lalo da kuɓewa, waɗanda yanzu muke shukawa a buhunan ƙasa a tsakar gida, ga zogale a bayan ɗaki ana kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Ina sane da cewa wannan ni'ima ce da ba kowa ya samu ba. A wasu sassan masarautar Zuru da maƙwabtanmu na Zamfara akwai masu fadama ta gado da rashin tsaro ya hana su taka ta, kuma duk sanda na fita da asuba ba fargaba nakan tuna da su.

Mun mayar wa Baba gonarsa kafin ruwa ya zauna, muka taya shi rushe fangali don shinkafa, aka toshe bakin rijiya da kyau saboda ambaliya. Mun bar wasu alayyafo da kuɓewa sun ƙosa muka ɗebi iri, muka ware kawunan albasa masu kyau da za a sake dasawa su yi fure. Kuɗin da ke asusu aka yi ta shawara a kansa, ko a juya injin ya koma aiki da tukunyar gas kamar yadda wasu maƙwabtanmu a fadama suka yi, ko a daure a tara a sayi mai amfani da hasken rana. Aka tsaya a kan na hasken rana, ko da zai kai mu wata kakar kafin kuɗin su cika. Wasu gidaje a unguwa sun nemi shiga, amma rijiya ɗaya ba za ta ɗauki fiye da mu ba sai layin ruwa ya lalace. Mai unguwa ya yi musu magana da mai gonar da ke gabas da tamu, ni kuma na kwafe musu ƙa'idojin a sabon littafi, suka haƙa tasu rijiyar.